Koyarwa da Bincike a Injiniyancin Muhalli: Tambayoyin da Ɗalibai Ke Yawan Kawo Mini

Duk shekara, da zarar 'yan ajin ƙarshe sun kare kundin bincikensu, sai in ga biyu ko uku sun tsaya a bakin ofis suna jiran kowa ya watse. Tambayarsu ba ta wuce ɗaya: "Malam, idan mutum yana son ya zama malamin jami'a a wannan fanni, ta ina zai fara?" Na tara abin da suke tambaya da abin da nake gaya musu a nan, domin wanda bai samu damar tsayawa a bakin ofishin kowa ba.

Mene ne ainihin injiniyancin muhalli, kuma me ya raba shi da kimiyyar muhalli?

Masanin kimiyyar muhalli zai auna ruwan kogi ya gaya maka abin da ke ciki da inda ya fito. Injiniyan muhalli sai ya ɗora daga nan: ya zana matatar da za ta cire wannan abu, ya lissafa girman kowane tanki, da yawan alam da kulorin da za a zuba a rana, da kuɗin da aikin zai ci, da wanda zai iya gyara famfon idan ya lalace bayan shekara biyar. Aikinmu ya shafi ruwan sha, ruwan kwata da na masai, shara da juji, hayaƙi da ƙura, ambaliya, da tsabtace ƙasar da guba ta shiga.

A Najeriya abin da ya farkar da hukuma shi ne abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka gano an jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a filin wani mutum a wannan ƙaramin gari na bakin ruwa, a jihar Delta ta yanzu. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, a 2007 kuma aka kafa NESREA, hukumar da ke tabbatar da an bi dokokin muhalli. Kowace daga cikin waɗannan dokoki tana buƙatar mutanen da suka iya awo da lissafi, mu kuma mu ne ke horar da su.

Wane karatu zan yi tun daga farko?

A jarrabawar JAMB: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Digirin farko shekara biyar ne, da watannin sanin makamar aiki a tsakiya. Da yawanmu ta injiniyancin gine-gine da hanyoyi muka shigo, wasu ta injiniyancin sinadarai ko na aikin gona. Abin da nake roƙon ɗalibi shi ne kada ya raina kemistiri da ilimin ƙwayoyin halitta don wai shi injiniya ne. Matatar ruwan ƙazanta ƙwayoyin bakteriya ne ma'aikatanta, kuma wanda bai san abin da suke ci da abin da ke kashe su ba zai gina kankare mai kyan gani wanda ba ya tace komai.

A ina ake karanta shi?

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashe na musamman na injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli, haka ma Jami'ar Ilorin. A Maiduguri an haɗa fannin ruwa da na gine-gine a sashe ɗaya. A Jami'ar Bayero ana shiga ta sashen gine-gine ko na injiniyancin gona da muhalli. Akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, wadda ta horar da ma'aikatan hukumomin ruwa masu yawa.

Dole ne sai na yi digiri na uku?

Dole ne, idan kana nufin zama. Ana iya ɗaukar wanda ya fita da sakamako mai kyau sosai a matsayin mataimakin malami, amma da sharaɗin ya ci gaba da karatu. Matakan a jere suke: mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Galibi sai an yi aƙalla shekara uku a kan kowane mataki, kuma wanda ba shi da digirin digirgir a ƙofar babban lakcara yake tsayawa. Matakai biyu na ƙarshe sai an aika rubuce-rubucenka ga farfesoshin wasu jami'o'i sun duba. Farfesa yana ritaya a shekara 70, sauran malamai a 65. Wato wanda ya shiga yana ɗan shekara ashirin da bakwai yana iya kwashe shekara arba'in cur yana wannan aiki, don haka ya kamata ya tabbata yana son sa.

Yaya ranar aikin malami take?

A takarda aikin kashi uku ne: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. A zahiri, ƙaramin malami koyarwa da maki da tattara sakamako ne ke cinye masa rana. Za a ba ka kwas uku ko huɗu, a naɗa ka mai kula da wani aji, a saka ka a kwamitin jarrabawa, sannan ga ɗalibai goma na ajin ƙarshe kowanne da kundinsa. Bincike sai ka ƙwato masa lokaci da ƙarfi: bayan asuba, ranar Asabar, ko lokacin hutu. Na ga masu hazaƙa da yawa da suka ce "bari zangon nan ya ƙare tukuna", har shekara goma ta wuce ba su ɗebi samfurin ruwa ko ɗaya ba.

Duk da haka ina son aji. Ranar da ka kai ɗalibai matatar ruwa, suka ga jan ruwan damina ya shiga ta wannan gefe, alam ya dunƙule laka ta kwanta, ruwan ya fita garau ta wancan gefe, za ka ga lissafin da suka yi wata uku suna haddacewa ya zauna musu a fuska. Gani ya kori ji.

A kan me zan yi bincike? Kamar an riga an gama komai a ƙasashen waje.

Wannan ce tambayar da ta fi ba ni takaici, domin mai yin ta sau da yawa ya tsallake kwata uku kafin ya iso ofishina.

Ɗauki Kano kaɗai. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da gishirin kiromiyom wajen jeme fata, ba kamar majeman gargajiya da ke aiki da bagaruwa ba. Fata ba ta shanye kiromiyom ɗin duka, ragowar yana bin ruwan wanki ya fita, tare da sinadarin da ake cire gashi da shi, wanda shi ne ke ba da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa; na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara dam ɗin Wasai. A gefen wannan hanya duka manoman rani suna ban ruwan latas da kabeji da alayyahu, kayan kuma kasuwa suke zuwa. An san yadda ake kwantar da kiromiyom a tace shi a sake jima da shi. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai zana tsarin da ƙaramin kamfani zai iya biya, ya yi aiki ko da wuta tana ɗaukewa. Wannan kaɗai ya ishi mutum aikin shekara ashirin.

Ga rijiya da masai a gida ɗaya, taku goma tsakaninsu, a unguwannin da fili ya yi ƙaranci. Ga kududdufan da aka cike da shara aka yi gini a kai, ruwan da suke ɗauka da damina yanzu ɗakunan mutane yake shiga. Ga rijiyoyin burtsatse da kowa ke haƙawa babu mai lissafin abin da ya rage a ƙasa. Ga fadamar Haɗeja da Nguru, inda madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suka sauya tafiyar ruwa, kacalla ta toshe hanyoyinsa. Ga madatsar Alau da ta ɓalle a watan Satumbar 2024 ta mamaye Maiduguri, abin da ya tuna wa kowa cewa duba lafiyar madatsa ilimi ne da ake koyarwa a aji.

A ƙetaren iyaka, garin Tibiri kusa da Maraɗi ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse tun tsakiyar shekarun 1980, ruwan da fulorayid ya yi wa yawa. Ɗaruruwan yara suka taso da lanƙwasassun ƙafafu da haƙora masu tsatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a miligiram 1.5 cikin lita, kuma awonsa ba shi da wuya. Ruwan garau yake a ido, ba shi da wari, shi ya sa aka yi shekaru ana sha.

Har abin da ke bayan ɗaki ma abin bincike ne. Matan karkara a Sudan sun daɗe suna kwantar da lakar ruwan Nilu da dakakken ƙwayar zogale, sai wata masaniya, Samia Jahn, ta bi su ta auna ta rubuta, yau kuma ana nazarin abin a jami'o'in duniya. Sai dai ina jan kunnen ɗalibaina: an yi kundi a kan zogale har ba adadi, kusan duk a cikin kwalbar gwaji suka tsaya. Wanda zai shiga yanzu ya kai shi ga randar gida ko matatar ƙauye, ya auna shi wata shida.

Shin binciken jami'a yana taɓa rayuwar mutane kuwa, ko a kan kanta yake ƙarewa?

Mafi yawansa a kan kanta yake ƙarewa, wannan gaskiya ce. Amma ina ba ɗalibai labarin Zamfara a duk shekara domin su ga abin da wannan ilimi ke iya yi.

A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi kuma ba ya yi musu komai. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake kawowa gida suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana daka su a tsakar gida, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ƙurar tana kwanciya a ƙasan da yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta ninka abin da aka yarda da shi sau ɗaruruwa.

Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaron zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Saboda haka sai da injiniyoyi suka fara shiga. Ƙwararrun kamfanin injiniyancin muhalli na TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, cikinsu da Margrit von Braun wadda ta daɗe tana koyarwa a jami'ar jihar, sun zo da gogewar da suka samu wajen tsabtace wani yankin haƙar ma'adinai a can ƙasarsu. Aikin bai buƙaci wata na'ura mai ban mamaki ba: a auna kowane gida da na'urar hannu, a kankare saman ƙasa da fatanya da shebur, a zuba a buhu a binne a rami na musamman, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. Mutanen ƙauyukan su suka yi aikin da hannunsu. An yi haka a Dareta da 'Yargalma da Abare da wasu ƙauyuka, Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai 2013 kuɗin aikinta suka fito. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a Shikira ta jihar Neja.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ilimin da ya tsara wannan aiki daga Idaho aka ɗauko shi. Haƙar zinare bai tsaya ba. Ina son a ce idan hakan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, wanda zai riƙe na'urar awon ya zana ramin binnewar ɗalibinmu ne, mai jin yaren matan gidan da zai shiga.

Ɗakunan gwajinmu ba su da kayan aiki. Ta yaya za a yi bincike na gaskiya?

Da wahala, amma ana yi. Awon da muke yi don sanin nauyin ƙazantar ruwa yana buƙatar samfurin ya kwana biyar a sanyin digiri 20 ba tare da yankewa ba. Idan wuta ta ɗauke a kwana na uku ta wuni, sakamakon ya tashi daga aiki, sai a sake. Samfurin da za a nemi ƙwayoyin cuta a ciki dole ya taho cikin ƙanƙara, a auna shi cikin 'yan sa'o'i. Wanda za a nemi ƙarafa a ciki sai an ɗiga masa asid tun a bakin kogi. Na'urar auna ƙarafa kuwa wani lokaci sai ka ɗauki samfuri zuwa wani gari.

A nan ne jarrabawar mutum take. Na taɓa karɓar sakamakon ɗalibi daga wani ɗakin gwaji na kuɗi, na ga lambobin sun yi kyau fiye da kima. Sai na sa ya koma da kwalabe biyu na ruwa ɗaya, da sunaye daban, da ta uku mai tataccen ruwa zalla. Biyun suka dawo da lambobi masu nisa da juna, tataccen ruwan kuma aka ce akwai dalma a ciki. Muka zubar da aikin wata huɗu muka sake daga farko. Ɗalibin ya yi kuka a ofishina, ni ma abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin mahaifinsa ne suka tafi. Tun daga ranar ba na sa hannu a kundin da babu irin wannan gwajin tabbatarwa a cikinsa.

Lambar da ka rubuta ba a kundi take tsayawa ba. Wani zai ɗauke ta ya ce rijiyar unguwa kaza lafiya lau, a ci gaba da ba jarirai. Ko ya ce gurɓatacciya ce, a rufe wa mutane ruwan da babu abin da ya same shi. Amana ce, kuma za a tambaye mu. Gara ka auna abu uku da ka tabbatar da su, rani da damina, da ka jera ashirin da ba za ka iya rantsuwa a kansu ba.

Ina ake samun kuɗin bincike?

Malaman jami'o'in gwamnati suna da asusun TETFund, mai ɗaukar nauyin ƙaro karatu, da ƙananan tallafin bincike ta hannun jami'a, da babban asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa. Hukumar PTDF, mai bunƙasa fasahar man fetur, tana tallafa wa abin da ya shafi mai da makamashi, gurɓatar muhalli kuma tana ciki. Daga waje akwai tallafin Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus. Masu bayarwa suna son tambaya guda mai kaifi, da kasafin da ya yi daidai da ita. Ka nemi wanda ya taɓa ci ya nuna maka takardarsa.

In yi digiri na uku a gida ko a waje?

Idan ka samu waje, ka je, amma ka tafi da matsalar gida a jakarka. Cibiyar IHE da ke Delft a Holan, misali, ta saba da ɗaliban da ke ɗebo samfuri a ƙasashensu. Wanda ya yi shekara huɗu a kan na'urar da babu irinta a ƙasar nan yakan dawo ya rasa ta inda zai kama. Na gida kuma ya fi jinkiri, amma kana kusa da koginka. A ko'ina ne, halin malamin da zai duba ka ya fi sunan jami'ar tasiri a rayuwarka: ka tambayi tsofaffin ɗalibansa shekara nawa suka yi, kuma yana karanta abin da aka ba shi ko a'a.

Maƙala nawa ake buƙata, kuma a wace mujalla?

Kowace jami'a da ma'auninta, yana cikin kundin sharuɗɗan aiki. Ka karanta shi a makonka na farko. Ka guji mujallar da za ta karɓi kuɗi ta buga maka cikin kwana uku. Ka guji "sa sunana in sa naka". Masu tantancewa sun san waɗannan hanyoyi, kuma tabon yana bin mutum har ƙarshen aikinsa.

Albashin yana riƙe gida?

Da ƙyar, musamman a shekarun farko. Abokin karatunka da ya shiga kamfanin mai ko ƙungiyar agaji zai riga ka yin mota da gida. Ga yajin aiki: na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba albashi. Abin da ke taimaka wa mutanen fanninmu shi ne aikin ba da shawara: nazarin illar ayyuka ga muhalli, zanen ruwan sha na ƙananan garuruwa, awon ruwa. Halal ne, yana kuma ƙara wa koyarwarka armashi, matuƙar bai raba ka da aji ba, kuma ba ka rubuta wa mai biyan kuɗi abin da yake son ji ba.

Ni mace ce. Fannin zai karɓe ni?

Zai karɓe ki, yana ma neman ki. Ruwan gida a hannun mata yake: su ke ajiye shi, su ke dafa abinci da shi, su ke wanke yara. A gidajen kulle namiji baƙo ba ya wuce zaure, alhali randa da rijiya da makewayi duk suna ciki. Ɗalibaina mata sun kawo bayanan da ni ban isa in samo ba. Fitar daji da renon yara suna karo da juna, haka ne. Ki zaɓi wurin bincike da za ki iya zuwa ki dawo a yini, ki yi magana da maigida da malaminki a kan jadawalin tun kafin a fara.

Daga Nijar nake. Hanyar ɗaya ce?

Ilimin ɗaya ne, tsanin ne ya bambanta. Akwai Jami'ar Abdu Mumuni da makarantar EMIG a Yamai, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, da cibiyar AGRHYMET mai nazarin ruwa da yanayi, sannan makarantar 2iE a Wagadugu ta Burkina Faso wadda ta yi suna a fannin ruwa da tsabta. Ƙarin girma kuma ta hannun majalisar CAMES yake bi, wadda ke tantance malaman ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ruwan ƙarƙashin ƙasar Maraɗi da na Katsina bai san iyaka ba, Gulbin Maraɗi ma daga Najeriya yake tasowa ya sake komawa cikinta, don haka mai jin Faransanci da Turanci da Hausa yana da abokan aiki ta ɓangarorin biyu.

Sai na yi rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ko da koyarwa kawai zan yi?

Ka yi. Ana duba yawan malamai masu rajista idan aka zo tantance sashe, kuma ba za ka sa hannu a zanen aiki ba sai da ita.

Ina aji huɗu yanzu. Me zan fara yi?

Ka riƙe makinka, domin da shi za a fara tace masu nema. Ka nemi yin watannin sanin makamar aiki a hukumar ruwa ko matata, ka roƙi a bar ka a ɗakin gwajinsu ko da wankin kwalabe ne. Ka koyi lissafin ƙididdiga da zana taswira a kwamfuta. Manhajar QGIS ta zana taswira da EPANET ta lissafin bututun ruwa kyauta ake sauke su. Sannan ka zaɓi ruwa ɗaya kusa da gidanku, rijiya ko rafi ko kududdufi, ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka riƙa zuwa duk mako kana rubuta kwanan wata, zurfinsa, launinsa, warinsa, da masu ɗiba da abin da suke yi da shi. Idan ka cika shekara, rani da damina, ka kawo wa malamin da kake so ya duba kundinka wannan littafi.